Atika Kwastan, Mai Kajin Kende

Idan ka shiga Kende ka tambayi gidan Atika, tsayawa za a yi ana kallonka, domin masu wannan suna suna da yawa. Ka ce 'Yar Baba, tsofaffi ne kawai za su gane. Amma ka ce Kwastan, ko akuya ka tambaya sai ta nuna maka ƙofar. Ni Batulu ni na raɗa mata sunan. Taubashiyata ce, 'yar gwaggona, don haka bakina a kanta ba shi da linzami tun muna yara. Aure kuma ya ƙara haɗa mu, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata.

Kaji ne suka jawo mata sunan. Tun tana amarya take kiwonsu, kuma kiwo na gaske, ba irin namu na watsa tsaba a juya baya ba. Tana fita da sassafe ta haƙo wa 'yan tsaki gara, tana sanin kazar da za ta yi kwanci tun kafin kazar ta sani. Mijinta Malam Muktar manomin shinkafa ne a fadama, mutumin kirki har ya yi yawa, irin wanda in ƙuda ya faɗa masa a kunu sai ya tsamo shi ya ba shi haƙuri. Noman fadama kuwa kun san halinsa. Shekarar da kogi ya ga dama a ci a ƙoshi, shekarar da ya yi fushi ya shanye gona har kunya. A irin waɗannan shekarun kajin Atika ke riƙe gidan. Su ne cefane, su ne maganin yara, su ne zanen sallah. Ba ta taɓa shiga gidan kowa aron mudu ba, kuma ta san wa take bin wannan rufin asiri.

Sai dai kaji suna da maƙiyi, wanda ya fi shaho da muzuru. Shekara ɗaya ko biyu ba ta wucewa sai annoba ta zo. Kaza ta wayi gari ta saki fukafukai, ta yi jugum, ta hau koren zawo, wuyanta ya murɗe tana kallon sama tana zagaya wuri ɗaya. Kafin ka ce me, gari ya yi tsit, babu zakaran da zai tashe ka asuba. Mu a nan iska muke ce mata. Kuma muna da abin da muke yi tun kakanni: da zarar ta faɗo gidanka, waɗanda suka kwanta a yanka, waɗanda ke tsaye a zuba su a kwando a kai su gidan 'yan uwa a wani gari inda iskar ba ta isa ba. Kai kaji gudu ke nan. Wanda aka kawo wa ba ya cewa a'a, domin gobe shi ma zai ɗauki nasa kwandon. Iyaka ba ta hana wannan. Rabin danginmu suna ƙasar Benin, kwanduna suna zuwa suna komawa kamar gaisuwa.

Atika ma ta kai gudu, ta karɓi na gudu, ta kuma share akurki babu ko gashi ba sau ɗaya ba. Abin ya sauya ne wata ranar kasuwa, da wani malamin dabbobi mai suna Abdulrashid ya tsaya gindin bishiya da lasifika yana wa'azin kaji. Mun taru da yawa, domin an ce za a raba magani kyauta. Da aka ga surutu ne kawai, sai aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Atika ta tsaya da tallan ƙwanta a ka har ya gama.

Abin da ya faɗa ba shi da tsawo. Ya ce abin da ke kashe kajin wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Ya ce ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike, ba ta iya matsawa nan da can da kanta. Inda aka ajiye ta nan take zama har a zo a ɗauke ta. Tana hawa kashin kaza da majinarta, tana manne wa tafin takalmi, da kwandon dillali, da tayar mashin. Mafi sharri kuma, tana zama cikin kazar da ke tsaye garau tana tsattsagar ƙasa, ta yi kwanaki ba ta nuna kanta ba. Ya ce akwai rigakafin da ake ɗiga wa kaji a ido, amma yana son sanyi, kuma ba kullum yake isowa ƙauye ba. Kafin ya iso, in ji shi, kowa ya tsare ƙofarsa.

Muka kama hanyar gida ni da Atika. Sai da muka iso ƙofa ta ja ta tsaya.

"Batulu, shekarar da kajina sunka ƙare ina goyon Abu, wa yaz zaka gidan ga kahin nan?"

Na ce ban tuna ba. Ta tuna mini: kwandon gudu daga garin Dole Kaina. Ta ja wata shekarar, ta ce kazar da aka ba Malam kyauta wajen suna. Ta ja wata, ta ce Ɗanmusa dillalin kaji ya shigo da kwandunansa har tsakar gida. Ba ta sami shekara ko ɗaya da ciwon ya zo shi kaɗai ba, kullum da mai rakiya. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe mu na jakunanshi."

Daga ranar gidan Atika ya zama bakin iyaka. Ta toshe magudanar ruwa da waya, ta ƙara wa katanga tsawo. Ɗanmusa ya koma tsayawa da mashin ɗinsa can gindin dogon yaro, ita take fito masa da kazar da za ta sayar, kuma kazar da ta fita ta fita ke nan, ko ciniki bai faɗa ba ba ta komawa ciki. In an kawo wa Malam kaza kyauta, a ƙofar gida wuƙa ke samunta. Kowa zai shiga, ya bar takalmi a zaure, ya wanke ƙafa. Ranar da ta sa surukata, tsohuwa mai carbi a hannu, ta koma ta wanke ƙafa, ranar na ce mata Kwastan. Kafin magariba sunan ya zaga gari.

Da wasa na faɗa, amma mutane ba da wasa suka ɗauka ba. Aka ce girman kai ne. Aka ce ta fifita kaji a kan mutane. Wasu har suka kai ga cewa tana ja da ƙaddara, kamar wanda ya ɗaure raƙuminsa ya daina dogara ga Allah. Ta ji duka, ta haɗiye, ba ta fasa ba.

Annoba ta zo ta share Kende, kajin Atika suna tsaye. Ta sake dawowa bayan shekara biyu, suna tsaye. Da asuba zakarun gidanta kaɗai ke cara a unguwar, kamar masu yi wa gari gori. Ni a wautata na ɗauka magana ta ƙare, wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Ina! Mata suka riƙa zuwa ɗaya ɗaya da yamma, su wanke ƙafa ba musu, su zauna su yi ƙasa da murya: "Don Allah wane malami yab ba ki layar da kinka bizne cikin akurki?" Ta zaunar da su ta yi musu bayani tiryan-tiryan, tun daga takalmi har kwando. Su gyaɗa kai, su fita, su ce Kwastan rowa gare ta, ta ɓoye asiri ta sallame su da tatsuniya. Wallahi akwai ranar da na bi wata har ƙofa ina masifa, Atika ce ta janye ni. Mutum ya fi son ka ce masa ya nemo gashin baƙin jaki da ka ce masa ya wanke ƙafa.

Haka aka tafi har bazarar bara. Rigakafi bai iso ba a shekarar, kuma labari ya fara zuwa cewa kaji suna zubewa a ƙetare. Atika tana da ƙanwa a can, Munira, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya a bayanta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Wata ranar da hantsi, rana tana dukan ƙasa kamar da gayya, na ji tsayuwar mashin ɗin kabu-kabu a ƙofarsu. Na leƙa. Munira ce, ta yi futu-futu da ƙurar hanya, tana sauke kwando. Na san abin da ke ciki, na kuma san wadda za ta fito.

Atika ta fito da murna ta rungume ta. Sai idonta ya sauka kan kwandon, murnar ta tsaya.

Munira ta ce, "Adda, iska ta hwaɗa muna. Dut sun ƙare, waɗanga ɗai sunka rage. Lahiyassu lau, duba ki gani. Na kawo su gudu."

"Ke ki shigo, gidanki na. Amma kwandon ga ba shi shiga."

"Mi kinka ce?"

"Ba shi shiga, Munira. Ciwon na cikinsu, bai dai hito ba. Bari Malam shi zaka shi yanka su nan waje, in soye miki ki koma da su. In abin ya wuce, ni da kaina ni ka kawo miki iri cikin nawa, ki zaɓi wadda kike so."

Munira ta kalle ta, ta kalli mutanen da suka fara taruwa, domin a garinmu ba a rasa 'yan kallo. Idonta ya cika da hawaye. "Na biyo daji na kauce ma masu kaki dut, ashe babban shingen ƙohwar ɗiyar uwata shike. Adda, kazar wa kika tsaro? Ni ce ciwon?"

Wata tsohuwa daga cikin masu kallo ta ce zumunci dai a ƙafa yake, yarinya ta taka ta zo. Na ce mata ta yi mana shiru, ƙafar ce ai matsalar. Ba wanda ya saurare ni.

Aka ajiye kwandon a waje gindin katanga. Munira ta shiga, ta cire takalmi, ta wanke ƙafa tana kuka. Atika ta kama zakaranta mafi girma ta sa aka yanka, ta shiga madafa tana ta rawar jiki, wai ko miya za ta gyara abin da baki ya ɓata. Munira ko ruwan gidan ba ta sha ba. Da la'asar ta ɗauki kwandonta ta kai gidan dangin mijinta a ɗaya unguwar. Can aka karɓe ta hannu bibbiyu, aka saki kajin a tsakar gida, aka yi ta sa wa masu gidan albarka.

Ba a jima ba unguwar can ta fara zubar da kaji a bola. Ciwon ya bi gida gida har ya iso layinmu, ya kwashe 'yan nawa. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya girgiza ni shi ne safiyar da Atika ta kira ni ta kan katanga da wata irin murya. Na zagaya na tarar da ita tsugune gaban wata wake-waken kaza, uwar garken, ta saki fukafukai tana numfashi da baki.

Ta bi katanga taku taku tana neman kafa. Ta duba wayar magudana, tana nan daram. Ta tambayi yaran gidan inda suka taka, ta tambaye ni ko na shigo da takalmi. Ta yi ta juyawa a tsakar gida tana cewa, "Ta ina? Ba shi da ƙahwa. Wa yak kawo shi?" Malam Muktar yana zaune bakin rumbu yana gyaran fartanya. Ya ɗago da fuskarsa ta mutumin da bai san ya yi komai ba.

"Ni dai ban shigo da komi ba hwa. Ranar da Munira taz zaka, ruwa ɗai nib ba kajinta."

Atika ta juyo a hankali. "Da mi, Malam?"

"Da kaskon ga na gindin rumbu. Na dawo masallaci nit tarad da su cikin rana, baki buɗe, abin tausai. Ko kare kab ba ruwa kana da lada. Kuma ban bar shi waje ba, na maido miki shi inda yake, har na cika shi."

Kaskon da duk kajin gidan ke shan ruwa ke nan. Kwando bai shiga ba, takalmi bai shiga ba, kasko ne ya fita ya gaisa ya dawo. Da ɗan gari akan ci gari, amma ban taɓa ganin an ci gari da neman lada ba sai ranar. Atika ba ta ɗaga murya ba. Ni ce na ɗaga, na faɗa wa Malam maganganun da sai da na je na ba shi haƙuri daga baya. Shi kuwa yana zaune, fartanya a hannu, yana maimaita cewa ai ruwa ne kawai.

Kafin azahar labari ya fita, kuma abin da gari ya yi da shi ya fi mutuwar kajin ƙona mini rai. Babu wanda ya tambayi ta ina ciwon ya shiga. Cewa aka yi, to ga Kwastan ma an ci ta, da katangarta da wankin ƙafarta, ashe dai iska ce. Shekarun da kajinta suka tsaya an manta da su a yini ɗaya. Na tsaya bakin rijiya ina ba da labarin kasko har muryata ta dushe, matan suna dariya suna cewa yanzu kuma kasko ne ya yi ƙafa.

Kaji suna faɗuwa, amma fiye da rabi suna tsaye, har da wata mai 'yan tsaki sababbin ƙyanƙyasa. Ana cikin haka sai ga Munira. Labari ya iske ta a ƙetare, ta hau kabu-kabu ta taho. Wannan karon ba a ce mata komai ba ta cire takalmi ta wanke ƙafa. Ta faɗa jikin yayarta suka yi kuka tare. Na ce alhamdulillahi, ko ba komai an samu wannan.

Sai ta share hawaye ta ce, "Adda, abin da yaw wuce ya wuce, na yahe. Tashi mu yi sauri. Iska ba ta kai Matsinkai ba, na tambaya. Mu kama masu lahiyan ga in kai ma Inna Dela, ta riƙa miki su. Mai mashin na jira."

Inna Dela ƙanwar mahaifiyarsu ce da ke garin Matsinkai, kuma da gudu za ta karɓa. Na kalli Atika. Tana kallon mai 'yan tsakin nan, wadda ke ta kiran 'ya'yanta tana tona ƙasa, lafiya lau a ido. Damina tana tafe, ba wanda ya san abin da kogi zai yi, kuma abin da ke yawo a tsakar gidan nan shi ne duk abin da ta tara tun tana amarya. Ni da na yarda da maganarta shekara da shekaru, sai da zuciyata ta ce, wa ya sani, ko waɗannan ba su ɗauka ba? Atika ta miƙa hannu ta shafa bayan kazar.

"Ba su hita, Munira."

"Adda, naki na hwa! Taimakonki niz zaka yi!"

"Na sani. Allah shi saka miki. Amma kasko guda sunka sha. In sun tai Matsinkai, ba su kaɗai za su ba."

Munira ta miƙe tsaye. Ba ta yi kuka ba wannan karon, kuma hakan ya fi muni. "Na kawo nawa kin ƙi. Na zo ɗaukar naki kin hana. To mi yar rage tsakanina da ke?"

Munira ta sa takalminta ta fita, muka ji tashin mashin.

Ɗanmusa ya zo washegari yana neman na tsaye da araha, ya kai kasuwa. Ta kore shi. Ta sa Malam ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida, duk wadda ta faɗi a jefa a rufe da toka. Waɗanda aka ci a gidan an ci, amma ko ƙafar kaza ba ta bari ta ƙetare zaure ba, har aka ce rowarta ta kai ga mushe. Mai 'yan tsakin ta bi sahu, 'ya'yanta suka bi ta. Da abin ya lafa, abin da ya rage bai cika hannu ɗaya ba, ɗaya ma wuyanta a karkace. A daminar kogi ya ci rabin gonar Malam. Da idona na ga Atika ta shigo gidana da kwano a ƙarƙashin mayafi, ta tsaya tana kame-kamen gaisuwa. Ban bari ta faɗa ba, na karɓa na cika mata.

Bayan kaka aka yi suna a gidan Inna Dela, muka je tare. Tun daga bakin gari muke jin cara. Tsakar gidan cike da kaji, ana kora suna dawowa, wata har ta hau tabarmar baƙi. Munira tana can gefe cikin mata, ta gaishe ni, ta kau da kai daga yayarta. Inna Dela ta zaunar da mu tana ba mu labarin yadda iska ta zagaye Matsinkai bana, ko kaza ɗaya ba ta yi tari ba, Allah ne dai ya tsare. Muka ce haka ne. Sannan ta juya kan Atika a gaban kowa.

"Ke kuma 'Yar Baba, na ji abin da kinka yi ma ƙanwarki, har sau biyu. Da kin bari ta kawo min su, da yanzu suna nan cikin waɗanga. Ki rage halin ga. Ɗan'uwa ya hi kaza."

Na yunƙura zan yi magana, Atika ta danne mini gwiwa da hannu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Inna."

Aka kawo tuwo da naman kaza, aka ajiye mana a gaba. Ta yi bisimilla ta ci. Ni na kasa, na tashi na fita waje.